Tudun rairayi yana tafiya: shin yana da rai?



A cikin ranin bana mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye na ƙasar Bune, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram. Ajin yana ƙarƙashin rumfar kaba. Daga inda muke zaune muna hangen fadamar garin, da dabino da goriba a cikinta. A bayan fadamar kuwa, ga wani babban tudun rairayi, fari fat.

Darasin ranar shi ne bambancin mai rai da marar rai. Malamin aji ya rubuta a allo: "Mai rai yana motsi. Mai rai yana ci. Mai rai yana girma." Ɗalibai suka karanta ɗaya bayan ɗaya. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, ya dube mu, ya ce:

"Malam, ina da tambaya. Ka ga tudun can? Lokacin da nake yaro yana nesa da fadama. Yau ya iso bakinta. Ya yi tafiya ke nan. A da ƙarami ne, yanzu ya fi goriba tsawo. Ya girma ke nan. Ya cinye gonar mahaifina, ya fara cin tawa. To, shi ma mai rai ne?"

Wasu suka yi dariya. Dattijon bai yi ba, domin gonarsa ce ke tafiya. Muka ce masa: "Baba, tambayarka ta fi darasin da muka zo da shi." Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ga amsar da muka ba shi. Mun rubuta ta nan don kowa ya karanta, ya kuma koya wa yaransa.

ALAMOMI BAKWAI NA MAI RAI

Masana sun duba mutane da dabbobi da tsirrai. Sun ga akwai abubuwa bakwai da dukansu suke yi. Alama ɗaya ko biyu ba su isa ba. Sai an haɗa su duka ake cewa abu yana da rai.

1. Ci da sha. Akuya tana cin ciyawa, tana shan ruwa. Icce ba shi da baki, amma shi ma yana ci. Saiwarsa tana jawo ruwa da ƙarfin taki daga ƙasa. Ganyensa yana haɗa wannan ruwa da iska da hasken rana, ya yi abinci. Ganye shi ne ɗakin girkin icce. Shi ya sa ƙaramin dashe ke mutuwa idan awaki suna cinye ganyensa kullum. Wannan shi ne babban bambancin tsiro da dabba: tsiro yana yin abincinsa da kansa, dabba kuwa sai ta ci tsiro, ko ta ci wata dabbar da ta ci tsiro.

2. Numfashi. Mutum da raƙumi suna shaƙar iska ta hanci. Kifi yana samun tasa iskar daga cikin ruwa. Tsiro yana numfashi ta wasu ƴan ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani. Saiwa ma tana bukatar iska. Idan ruwa ya kwanta a gonar hatsi kwanaki da yawa, hatsin yakan yi ɗorawa ya mutu. Ruwan ne ya hana saiwar samun iska.

3. Girma. Ɗan akuya yana zama bunsuru. Ƙwayar hatsi tana zama kara wanda ya fi mutum tsawo. Jikin kowane mai rai an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Waɗannan ƙwayoyi suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Saboda haka mai rai daga cikinsa yake girma.

4. Haihuwa. Saniya tana haihuwar maraƙi. Zabuwa tana yin ƙwai. Hatsi yana yin bununi, sa'an nan ya yi ido. Dabino da goriba akwai namiji akwai mace a cikinsu. Idan garin furen namijin bai kai ga macen ba, ba za a sami ƴaƴan kirki ba. Kowane mai rai irinsa yake haifa. Ba a shuka dawa a girbe wake.

5. Motsi. Dabba tana tashi da kanta ta nemi ruwa, ko ta guje wa kura. Tsiro ba ya barin wurinsa, amma yana motsi sannu a hankali. Saiwa tana bin ƙasa zuwa wurin danshi. Kan tsiro yana karkata zuwa wurin haske. Duma yana miƙa hannu ya kama danga.

6. Ji. Jaki yana jin zafin sanda. Kaza tana jin inuwar shaho, ta tara ƴaƴanta. Tsiro ma yana jin abin da ke kewaye da shi. Ku duba ganyen gyaɗa ko na tsamiya da dare, za ku ga ya rufe. Da gari ya waye sai ya buɗe.

7. Fitar da abin da jiki ba ya bukata. Dabba tana fitsari, mutum yana gumi. Tsiro yana fitar da tururin ruwa ta ganye. Da rana kuma yana fitar da iska mai kyau, wadda mu da dabbobinmu muke shaƙa.

Gani ya kori ji. Ku sami farar leda da safe, ku sa reshe mai ganye a ciki, ku ɗaure bakinta. Ku dawo da la'asar. Za ku ga ɗigon ruwa a jikin ledar. Daga ganyen ya fito. Ku yi wannan gwaji tare da yaranku, domin su ma suna koyon wannan darasi a makarantar boko. In kun gama ku kwance ledar, kada ku bar ta wa dabbobi.

TO, INA AMSAR BABA?

Mu koma kan tudun rairayi, mu gwada shi da waɗannan alamomi.

Tudu yana tafiya, amma ba da kansa ba. Iskar hunturu ce ke kwashe rairayi daga bayansa tana zubawa a gabansa. Ranar da babu iska, ba ya gusawa ko taƙi ɗaya. Yana ƙaruwa, amma ba daga cikinsa ba. Iska ce ke tara masa rairayi daga waje, kamar yadda ake tara tsibin ƙasa. Ba ya cin gona, binne ta yake yi. Ba ya numfashi, ba ya ji, ba ya haihuwa. Tudun rairayi ba shi da rai.

Haka kanwa take. Mutanen Bune sun san yadda take fitowa fara a ƙasan fadama idan ruwa ya janye. A kwashe ta, baɗi ta sake fitowa, kamar tsiro. Amma ba tsiro ba ce. Ruwan ƙasa ne ke hawowa da ita. Rana ta shanye ruwan, kanwar ta saura a bisa.

Da muka kawo nan, dattijon ya yi shiru. Can ya ce: "To Malam, na ji. Amma wannan sani me zai ƙara mini?" Muka ce: abu mai yawa, Baba. Duk mai rai yana da bukatu. In aka biya masa su, ya rayu. In aka hana shi ko ɗaya, ya mutu. Wanda ya san haka ya san yadda zai raya abin da ke amfanarsa. Ya kuma san yadda zai kashe abin da ke cutarsa. Ga misalai.

IRIN DA KE CIKIN RUMBU YANA DA RAI

Ƙwayar hatsi ba ta motsi. In ka dube ta sai ka ce tsakuwa ce. Amma a cikinta akwai ɗan tsiro yana barci, yana numfashi kaɗan-kaɗan, yana jiran ruwa. Danshi da zafi mai yawa da ƙwari suna iya kashe shi tun yana rumbu. Mataccen iri da mai rai kamarsu ɗaya a ido. Manomi da yawa ba ya sanin irinsa ya mutu sai bayan ya shuka. A ƙasarmu, inda damana gajera ce, wanda ruwan shuka ya wuce shi ya yi babbar hasara.

Saboda haka ku gwada irinku tun kafin ruwan farko:

- Ku ɗebo ƙwaya 100 daga wurare dabam-dabam na irin. Kada ku zaɓi manya kaɗai.
- Ku jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe, ku ajiye a inuwa.
- Ku riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kada tsumman ya bushe, kada kuma ya nutse cikin ruwa.
- Bayan kwana 7 ku buɗe, ku ƙidaya waɗanda suka tsira.

Idan 80 ko fiye suka tsira, irin yana da kyau. Idan rabi ne kawai, ku nemi wani iri tun da sauran lokaci, ku kuma shawarci malamin gona. Ga inda lissafin da kuka koya a aji zai yi muku rana.

ƘWARON WAKE YANA NUMFASHI

Kowa ya san ƙwaron da ke huda wake a cikin buhu. Yana yin ƙwai a jikin waken. Tsutsar ta shiga ciki ta ci, ta girma, ta fito ta sake yin ƙwai. Cikin ƴan watanni wake ya zama gari. Wasu sukan zuba maganin ƙwari na gona a cikin waken da za a ci. Wannan haɗari ne ga iyali, musamman yara.

Amma ƙwaron mai rai ne, dole ya yi numfashi. A kan wannan ne masana na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu binciken aikin gona na ƙasashenmu, suka fito da buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. An fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga shekarar 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki sai su shanye ƴar iskar da ta rage. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Jarka ko duro mai murfi mai kyau suna yin wannan aiki, in an cika su an rufe ruf.

Abu biyu za ku kiyaye. Wake ya bushe sarai kafin a rufe shi. Kada kuma leda ta huje, domin ɗan huji ɗaya ya isa ya mayar wa ƙwaro da numfashinsa.

MASU RAI DA KE SA MU CIWO

Sauro. Macen sauro ce ke cizo da dare, ita ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Ba ta iya haihuwa sai a ruwa. Tana yin ƙwai a ƙananan kududdufai, da ramukan da aka haƙa don yin tubali, da sawun shanu. Cikin kwana 10 zuwa sati 2 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Mu cike ramukan da ke kusa da gida, mun hana ta wurin haihuwa. Mu kwana cikin sange, wato gidan sauro, mun hana ta abinci. Yaro kuwa in jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar.

Kurkunu. Manyanmu suna tune da shi. Jihar Damagaram tana cikin wuraren da ya fi addaba. Yakan kwantar da manomi a tsakiyar damana, gona ta lalace. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Amma an gano yadda yake rayuwa. Mai kurkunu ya sa ƙafarsa a tafki, tsutsar ta zuba ƴaƴanta cikin ruwa. Wasu ƴan ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su. Mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda kurkunu ya fito masa. Da aka san haka, sai aka koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle. Aka hana mai ciwon shiga tafki. Aka ƙara haƙa rijiyoyi da famfuna. Hanyar haihuwarsa ta yanke. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Sani ne ya kashe shi.

Ƙwayoyin cuta. Akwai masu rai ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Wasunsu suna da amfani, su ne ke sa nono ya yi barci, su ne ke ruɓar da taki. Wasu kuwa suna kawo gudawa, wadda ke kashe ƙananan yara. Suna yaɗuwa cikin kashi, da ruwa marar tsabta, da abincin da ƙuda ya taɓa. Zafin wuta yana kashe su. Sabulu yana wanke su daga hannu. Mu tafasa ruwan shan jarirai, mu wanke hannu kafin ci da bayan mun fito daga ban-ɗaki. Rigakafi ya fi magani.

MAI RAI NE KE ƊAURE MARAR RAI

Yanzu mu koma ga tudun Baba. Me ya sa ya tashi? Muddin ciyawa da itatuwa suna bisansa, saiwoyinsu suna riƙe da rairayin, ganyensu yana rage ƙarfin iska. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a ƙasarmu. Sara da yawan kiwo suka ƙara. Da masu rai suka ragu, iska ta sami hanya.

Mutanen Gure da na Maine-Soroa sun san aikin tsayar da tudu. An yi shi a wurare da yawa, har da cikin aikin nan mai suna PLECO, wanda aka fara a shekarar 2010 don kare fadamun waɗannan gundumomi biyu. Mataki biyu ne. Na farko, a kafa shinge na rassan kalimbo ko na kaba, a tare hanyar iska. Shingen yana rage gudun rairayi. Amma shinge matacce ne. Ba ya girma, ba ya gyara kansa. Cikin ƴan shekaru gara da rana da iska za su cinye shi. Saboda haka mataki na biyu shi ne a dasa itatuwa a tsakanin shingayen idan damana ta zauna, irin su dakwara da kandili da aduwa, a bar ciyawa ta dawo. Kafin shinge ya ruɓe, icce ya kama ƙasa. Shi kuwa kullum ƙara ƙarfi yake, har ya zubar da iri, wasu su tsiro.

Amma dashe jariri ne. Ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa ce a ƙasarmu tun shekarar 1975. Kowace shekara ana dasa dubbai. Nawa ne ke kaiwa baɗi? Icce ba ya rayuwa don an dasa shi kawai. Sai an tsare shi daga awaki da raƙuma shekara 2 ko 3, har ya fi ƙarfin bakinsu. Wannan aikin gari ne duka, manoma da makiyaya tare. Wajen yankan kalimbo kuma, a yanki reshe, a bar gindi. In muka ƙarar da shi a wuri ɗaya, mun kwance wani tudun don mu ɗaure wani.

Akwai kuma itatuwan da ba sai an dasa ba. Kututturen da ke cikin gona, wanda yake tohuwa kowace shekara muna sarewa, saiwarsa tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoman Maraɗi sun fara barin irin wannan toho tun cikin shekarun 1980. Suna zaɓar reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, su datse sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. A Mirya da Magarya da Matamaye gonaki sun cika da gawo ta wannan hanya. Masana sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo haka a Nijar.

Gawo abokin manomi ne. Yana zubar da ganye da damana, ya bar wa hatsi hasken rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye da ƴaƴa, dabbobi su ci. Irin ya fita cikin kashinsu, ya tsiro a wani wuri. Dabba ta taimaki icce, icce ya taimaki dabba, mutum ya ci moriyar duka biyun. Kakanninmu sun san darajarsa. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo.

Da za mu tashi, dattijon ya ce: "Malam, ashe ba zan iya kashe tudun nan ba, tun da ba shi da rai. Sai dai in ɗaure shi. Igiyar kuwa icce ne." Muka ce: haka ne, Baba. Ɗaliban ajin suka yi shawara za su kai maganar wurin mai gari kafin damana.

MU TUNA

- Mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana haihuwa, yana motsi, yana ji, yana fitar da abin da jikinsa ba ya bukata.
- Iri yana da rai. A gwada shi kafin shuka.
- Ƙwaro da sauro da ƙwayoyin cuta suna da bukatu. A hana su.
- Shinge yana tsayar da rairayi na ɗan lokaci. Icce mai rai ne ke riƙe shi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Wuta tana ci, tana girma, tana mutuwa. Tana da rai? Ku gwada ta da alamomi bakwai.
2. Ƙwaya nawa suka tsira cikin 100 da kuka gwada? Ku rubuta adadin a littafinku.
3. Waɗanne itatuwa ne suke garinku a da, waɗanda babu su yanzu? Ku tambayi tsofaffi, ku rubuta sunayensu.
4. Wa zai tsare dashen garinku bana, kuma ta yaya?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ku ba malamin ajinku ya kawo mana. Sai mun ji daga gare ku.